Ful Ɗin Malam Sanda

"Hajiya, don Allah ki tsaya nan," in ji Awaisu. Ya tare ƙofar zaure da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da waya. "Ba za a shiga masa da abinci ba."

Hajiya! Yaron da na goya har ya sha yi mini fitsari a zane, wanda ya tashi yana kirana Inna, yau don ya zauna Abuja ya yi tumbi ni ce Hajiya. Ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Na dube shi, na dubi kwanon da ke hannuna, ɗaure cikin ƙyalle, zafinsa yana ratsa tafina.

"Ubanka ne ya ce in dafa," na ce. "Da bakinsa, ɗazu da safe."

"Likita ya hana shi gishiri da mai."

"Wane likitan? Wanda ya sallamo shi, ya ce ku koma gida ku yi ta addu'a?"

Ya waiga wajen falo, inda takalma masu tsada suke jere a bakin ƙofa.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Malam Sanda, mahaifin Awaisu, a nan Funtuwa. Direban babbar mota ne a zamaninsa. Ya ɗauki auduga, ya ɗauki shanu, ya je Kumasi, ya je Agadas, ya ratsa har Sudan. Sauran direbobi su dawo da rediyo ko atamfa, shi kuwa girki yake dawowa da shi. Duk garin da ya sauka sai ya tsaya a kan mai abinci yana tambaya har ta gaji. Da matarsa Zaituna ta rasu, aka yi ta kawo masa zancen zawarawa, ya ce shi ba yunwa yake ji ba. Ya ɗaura tsohon zanenta a ƙugu ya shiga madafi, kuma bai sake fitowa ba.

Unguwa ta samu abin faɗa. Wai dattijo da gemu yana tsugune gaban murhu yana yanka albasa. Amma bakin da ya yi gulmar shi ne yake haɗiyar yawu in ƙamshi ya tsallako. Ya yi mana wake da shinkafa irin na Gana, mai ja da karan dafi. Ya yi taliya da romon tumatir a tukunya ɗaya, wadda Larabawan hamada suka koya masa. Da ya samu babbar waya kuwa sai abin ya ci gaba, har shinkafar Indiya ya koya, ya ƙona ta sau da yawa kafin ta yarda da shi. Kuma ba ya raina na gida. Ranar kasuwar Bakori yakan hau babur don wainar wata tsohuwa kawai, a tasha kuma akwai Bayarabiyar da yake cewa amalarta ta isa a yi mata tattaki. Wuri ɗaya ne ya tsana, sabon gidan abincin nan mai ƙofar gilashi. "Ma'u," yakan ce, "shinkafarsu kala ce kawai. In kika rufe ido ba ki san me kike taunawa ba."

Tsakaninmu kuwa kwano ne. In na yi tuwo na ɗora masa a kan katanga, sai in ƙwanƙwasa murfin. Kowa ya san ba a mayar wa maƙwabci kwano haka nan, amma shi ya wuce misali. Kwanona bai taɓa dawowa ba sai da girkin wata ƙasa a ciki. Mijina, Malam Isah, har yakan tambaya, "Yau ina Sanda ya kai mu?"

Da safen nan na shiga gaishe shi. Ƙoda ta gama da shi, ƙafafun sun kumbura, fuskar ta koma rabi. Ga kofin kunu a gefe ko taɓa shi bai yi ba. Ya yafito ni da yatsa.

"Ma'u, ful nake so."

Na san shi. Waken da ya ci a Sudan ne, a dafa shi ya yi luguf, a farfasa da gindin kwalba, a zuba man riɗi da ɗanyar albasa da tumatir. Cikin duk abin da ya iya, shi ya fi so, don shi ya fara yi wa Zaituna suna amarya da ango.

"Kar ki sa manja," ya ce. "Na san halinki."

"Kana kwance ma ba za ka bar ni in huta ba?"

Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Cokali biyu ya ishe ni. In ji shi a bakina kawai."

Shi ne na dawo gida na ɗora wake, na aika aka nemo mini man riɗi, na farfasa da kwalba yadda ya koya mini, na ɗaure kwanon da ƙullin da nake yi a gefe don kada murfi ya zame. Ga ni nan a zaure, ɗansa ya tare ni.

Awaisu ya matso ya rage murya. Sai a lokacin ya tuna sunana.

"Inna, don girman Allah ki gane. Surukaina ne a ciki, daga Kaduna suka zo dubiya. Kin san Baba. In ya ga abincin nan zai fara ba su labarin yadda ake soya albasa. Tun ina makaranta ake kirana ɗan mai tuwo. Ya isa haka."

Ashe ba gishiri ba ne. Girkin da yake jin kunya shi ya ci ya girma, shi aka riƙa kai masa makarantar kwana a cikin kula, har abokansa suna rububi.

"Awaisu, mutumin nan tafiya zai yi," na ce. "Cokali biyu ya roƙa. In kunya kake ji, ka bari su tafi ka ba shi."

"To, kawo. Zan ba shi da kaina."

Na miƙa masa. Me zan yi, in yi kokawa da ƙato a zauren ubansa? Na dawo gida ina huci. Malam Isah ya ce, "Ki yi haƙuri, gidansu ne." Na ce masa in haƙuri abinci ne ya ɗauka ya kai wa Sanda.

Bayan la'asar muka ji salati ta kan katanga.

A unguwarmu in an yi rasuwa ba a hura wuta a gidan, maƙwabta ne ke ciyar da masu zaman makoki. Malam Sanda bai taɓa bari an riga shi ba, tukunyarsa ce ta farko a kowane gida. Mun haɗa shinkafa da itace, mun fara jera duwatsun murhu, sai ga saƙo daga Awaisu: kada mu wahalar da kanmu, ya riga ya yi oda. Daga ina? Daga gidan abinci mai ƙofar gilashi. Aka yi ta shigo da shinkafa mai kala a cikin 'yan robobi, kowace da cokalin roba. Ina jin sa daga zaure yana gaya wa baƙi, "Baba harkar sufuri ya yi." Ko sau ɗaya bai ambaci tukunya ba. Aka miƙo mini roba, na ture ta da ƙafa, wanda zai ce ba ni da kunya ya ce.

Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni. Na ja Rukayya, matar Awaisu, gefe.

"Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ya ci?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. "Ya ɗan taɓa, Inna."

Na riƙe wannan maganar. Da ita na yi zaman makokin, da ita na iya amsa gaisuwar Awaisu ba tare da na tofa masa abin da ke bakina ba. Na ce ko ba komai Sanda ya tafi da ɗanɗanon man riɗi a harshensa.

Bayan sadakar uku su Awaisu suka kulle gidan suka koma Abuja. Na fito tsakar gida da tsintsiya, sai na hango kwanona a kan katanga, daidai inda Sanda yake ajiye shi. Wani ne ya ɗora kafin su tafi. Na jingine tsintsiyar na miƙa hannu na sauko da shi. Da nauyinsa. Ƙyallen yana nan, ƙullina yana nan a gefe yadda na yi shi, ƙananan tururuwa sun yi layi suna shiga ta ƙarƙashin murfin.