Ramin da Malam Bawa Ya Roƙa

"Tsaya, Rilwanu! Katakon ga na lanƙwasa!"

Su huɗu ne ɗauke da Malam Bawa a kan ƙyauren ɗaki, maƙwabcinsa Umaru da ya yi maganar a gaba, Rilwanu a bayansa. Motar da za ta kai shi asibiti tana bakin titi, taku arba'in kacal. Amma rami ya cinye lungun daga bango zuwa bango, cike da baƙin ruwa. Ba wurin sa ƙafa sai 'yan katakai da aka jera, su ma sun jiƙe sun yi santsi.

Tsohon ya buɗe ido, ya dubi ruwan.

"Ku mai da ni ɗaki," in ji shi. "Kar in ja ɗan wani cikin ramin da ni da bakina na roƙa."

Aka mai da shi.

Shi ɗin ne kuwa ya roƙa. Shekara talatin yana yashe kwatar lungun da shebur ɗinsa, har bayansa ya gaza. Da bazara, da leburori suka zo gina lambatu a babban titi, ya dogara sanda ya je wurin shugabansu, ya ce don Allah a ɗan ja haƙan zuwa cikin lungu, ruwansu ya sami mafita. Mutumin ya ji tausayin furfura, ya sa aka haƙa. Ba wanda ya lura lungun ya fi titin kwari. Ruwan farko da aka yi, duk abin da titi ya tara ya juyo musu, yana cin gefen ramin kullum.

Sau uku Umaru yana zuwa ofishin masu aikin. A na ukun aka ba shi kujera.

"Baba, lungunku ba ya cikin takardar aikin," in ji ma'aikacin, yana juya fayil.

"To, ku zo ku cike muna shi."

"Abin da ba mu haƙa ba, da wane suna za mu cike shi? Wa ya ba da izini?"

Umaru ya tashi ya fita. Ba zai ambaci sunan mutumin da ke kwance ba.

Da ya dawo ya zauna gefen tabarma, Malam Bawa ya tambaya, "Mi sunka ce?"

"Sun ce suna tahe."

"Kai, Umaru. Tun muna yara ba ka iya ƙarya ba." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

Ran Alhamis da hantsi, Hajara matar Malam Bawa ta yi wa su Umaru sallama ta kan katanga, murya ƙasa ƙasa, ta ce Malam ya cika. Aka yi wanka, aka sa likkafani. Makara kuwa ta tsaya a bakin titi, jama'a kewaye da ita, ana duban katakan. Wani ya ce a jira ruwa ya janye. Liman ya ce gawa ba ta jira.

Umaru ya shiga gidansa, wanda ƙofar bayansa ke fita wani lungun busasshe. Ya ɗauko diga, ya nufi katangar da ke tsakaninsa da gidan Malam Bawa.

"Malam, damina ce fa," in ji Rukayya matarsa. "In ka fasa ta, sauran ma zubewa za ta yi."

"Na sani. Ku shiga ɗaki, maza za su wuce."

Katangar laka ce, su biyu suka gina ta shi da mamacin. Ta sha ruwa, ba ta yi gardama ba. Ta nan aka shigo da makara, ta nan aka fita da Malam Bawa, ta gaban murhun Rukayya da tukunyarta a kan wuta, maza na sunkuyar da kai.

Da la'asar hadari ya sake haɗowa daga gabas. Umaru ya dawo daga maƙabarta, ya tarar Rukayya ta rataye tsohuwar tabarma a kan ɓarakar. Iska na ɗaga gefenta, ana hango ƙafafun Hajara a ƙofar ɗaki, da butar alwala ajiye kusa da ita.