Sandar Fedar Hagu

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta? To ta zo, sai dai wannan ba ta ƙanzon kurege ba ce, a bayan katangata aka yi ta, nan Birnin Kudu.

Ina tsakar gida ina tankaɗen garin dawa na ji gurnani daga soron maƙwabcina Malam Badaru mai gyaran keke, kamar an danne wa mutum maƙogwaro. Na yar da rariya, na figi mayafi na shiga.

Yana kwance a kan tabarma. Kwana goma ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, ɓarin dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta tafi. Hannun hagu kaɗai ke motsi, da shi yake ta nuna keken da ke jingine da bango.

"Inna Mairama, zo ki gane mini," in ji matarsa Safara'u daga bakin ƙofar cikin gida. "Musbahu ya zo ya ƙarasa masa keken nan don ya ji sanyi a ransa, shi kuma ya birkice mana."

Musbahu abokin sana'arsa ne, shekara talatin suna rumfa ɗaya a bakin tasha. Yana durƙushe da sifana a hannu, gumi sharkaf.

"Wallahi Inna, abin da ya ɓata kawai na gyara. Ciwon nan ya fara taɓa masa kai tun kafin ya kayar da shi. Ki duba, sandar da ke riƙe da fedar dama doguwa, ta hagu kuwa gajeriya ya ɗaura, irin ta keken yara. Wa zai hau wannan? Na cire na sa daidai da 'yar'uwarta."

Bari in gaya muku yadda keken nan ya zo. Shekara guda cur Badaru yana haɗa shi, ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Firam ɗin, wato gangar jikin keken, na baƙin ƙarfe ne, shi ya yanka bututun, ya tsaya a kan mai walda har aka gama. Samari suka ce ai yanzu na alminiyo ake yayi, ba nauyi. Ya ce, "Ƙarfe in ya lanƙwashe a miƙe shi, in ya karye a ɗinke shi. Wancan farin in ya tsage sai bola." Kan keken lanƙwasasshe ne kamar ƙahon rago, irin na masu tsere. Taya siririya, amma ya ƙi ɗaukar mafi sirantaka, wai hanyar Gwaram akwai ramuka. Wayoyin cikin ƙafar keken shi ya ɗaura su ɗaya-ɗaya, yana kaɗa kowace da farce yana saurare kamar mai gurmi. Birki kuwa, nan ya kusa haukata mutane. Sau uku yana shiga Kano a kan birki kaɗai, ya kawo ya ɗaura ya matse, ya girgiza kai ya cire.

Nakan tsokane shi in na leƙo. "Kai da hawan jini da furfura, ina za ka da keken tsere?"

"Ke zan goya, Inna, mu je Gwaram cin kasuwa."

"Allah ya tsare ni. Ƙugun nawa guda nawa ne?"

Sai ya yi dariya, amma bai taɓa faɗin na wane ne ba. Dukanmu mun ɗauka nasa ne.

To ran nan ina tsaye, Badaru na gurnani, idona ya faɗa kan wani siririn ƙyallen shadda ɗaure a kan keken. Na kwance shi. Dogo ne, da ƙulli biyu kusa da ƙarshensa, tsakaninsu bai fi faɗin yatsa biyu ba.

"Wannan fa?"

"Bara ya je Gwaram wajen wani tela ya dawo da shi," in ji Safara'u. "Na tambaye shi ina ɗinkin, ya ce awo ya je karɓowa. Da shi yake ta gwada ƙarafan nan."

Nan na gane. Awon wando ne, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Mutum ɗaya na sani a Gwaram mai irin wannan ƙafa.

Ina amarya aka kawo ni layin nan, Badaru da ƙaninsa Salihu suna yara, a gabana suka girma. Salihu ne gwanin keke, ba a taɓa cim masa ba a garin nan. Wata rana suna samari Badaru ya goya shi a keken da ya san birkinsa ya cinye, ya ce ai sa gyara in sun dawo. A gangare suka faɗa kwalbati. Ƙafar Salihu ta hagu ta karye, mai ɗori ya ɗora, ta warke a gajarce. Bai yi fushi ba a lokacin, ya ce ƙaddara ce, suka ci gaba da gyaran keke tare. Sai wata rana a rumfa, cikin mutane, Salihu ya hau keken wani zai gwada, yana karkacewa, Badaru ya bushe da dariya ya ce, "Sauka malam, keke ba na gurgu ba ne." Salihu ya sauka, ya ajiye sifana, ya koma Gwaram yana awon hatsi. Shekara goma sha tara, ko gaisuwar Sallah.

Na ce, "Musbahu, mayar da gajeriyar."

"Inna, kuskure ne fa."

"Kai ne kuskuren, mai kan kwakwa. Na Salihu ne."

Musbahu ya dubi ƙyallen, ya dubi abokinsa, ya ce, "Innalillahi." Ya laluba cikin kwanon ƙarafa ya ɗauko gajeriyar ya mayar. Yana ɗaure ƙusar ƙarshe gurnanin ya tsaya. Hannun Badaru ya sauka a hankali kan tabarma, hawaye ya gangaro ta gefen da bai mutu ba.

Washegari da sassafe na shiga ƙaramar bas zuwa Gwaram, ni da gwiwoyina. Na tarar da Salihu a gaban buhunan gero, ya yi furfura shi ma. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sa aka kawo mini fura. Na ajiye masa ƙyallen a kan kwanon awo.

"Ɗan'uwanka na kwance, ba baki. Ya haɗa maka keke."

"Ni? Ai keke ba na gurgu ba ne, Inna."

"Salihu, kar ka yi mini haka. Ya je har wajen telanka ya karɓi awon ƙafarka."

Ya daɗe yana murza ƙulli biyun nan da yatsa. "Ya zo garin nan ke nan, ya wuce ta gaban rumfata bai tsaya ba?"

"Kunya ce."

"A gaban mutane ya faɗa da bakinsa. Da bakinsa zai janye."

"Bakin ya tafi, ɗan nan. Hannu ɗaya ya rage masa."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce gobe kasuwa, ya riga ya yi alkawari da masu kawo hatsi, amma jibi in Allah ya yarda zai zo. Na ce jibi ba a hannunka take ba. Ya ce, "Jibi, Inna." Ya raka ni tasha yana ɗingishi, bai mayar mini da ƙyallen ba.

Da na dawo na durƙusa kusa da Badaru na ce, "Ya ce jibi yana tafe." Ya juya idonsa wajen ƙofar soro, bai ƙara ɗauke shi daga nan ba. Safara'u ta kawo kunu, ya kurɓi biyu ya kau da baki. Washegari da hantsi, ina riƙe da mafici, numfashinsa ya yi sama, ya sauko, bai sake tashi ba. Allah ya jiƙansa.

Musbahu ne ya buga wa Salihu waya. Salihu ya bar buhunansa a buɗe ya hau acaba, amma ko da ya iso mutane na dawowa daga maƙabarta da makara a kafaɗa, ba komai a cikinta. Ya tsaya cak a bakin layi.

Kwana uku yana zaman makoki a soron nan, keken na jingine a bayansa, ko waiwaye bai yi ba. Bayan sadakar uku, da la'asar mutane suka watse, na ji ƙarar sarƙa. Na leƙo. Salihu ne ya fito da keken ƙofar gida, ya matse birkin gaba, ya matse na baya, ya sake matsewa. Sannan ya naɗe rigarsa ya hau. Ƙafar dama ta sauka, ta hagu ta sauka, kafaɗunsa suka tsaya daidai, bai karkace ko kaɗan ba. Ya je ƙarshen layi ya tsaya cak. Nan ya kifa goshinsa a kan ƙahon keken, ya daɗe a haka.

To, nan ta tsaya. Safara'u ta gama takaba ta koma wajen 'yarta a Kiyako. Musbahu na nan a rumfa shi kaɗai, doguwar sandar da ya cire tana rataye a ƙusa, ya hana a sayar. Salihu yakan zo daga Gwaram a kan keken duk farkon wata, ya fara biyawa ta maƙabarta, sannan ya jingina shi a katangata ya shigo shan ruwa. Ba ya ambaton yayansa, ni ma ba na ambata. Ƙyallen yana nan ɗaure a kan keken, rana ta cinye masa launi.