Kwalbar Ranar Lahadi

Anti Irene, yayar mijina Monday, ta dawo daga Italiya wata biyu bayan sojoji sun miƙa mulki. Shekara biyar ta yi a can, tun da mijinta ɗan jarida ya tsere wa sojojin tare da ita. Ranar Alhamis ta sauka gidanmu a Kakuri da akwati ɗaya da kwalabe biyu na jar giyar inabi, naɗe cikin tawul.

Ba ƙinta nake ba. Ita ta riƙe Monday bayan rasuwar iyayensu, ita ta sa shi makaranta har ya samu aiki a masaƙa. Allah bai ba ta haihuwa ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne yadda take kallon Becky, 'yata mai shekara huɗu. Ta auna ƙafarta da tafin hannu. Ta tambaye ni allurar rigakafi nawa ta rage mata. Ta ce a Legas, inda za su zauna, makaranta tana bakin layinsu, yaro ba ya tsallaka titi.

Da yamma na yi faten acca da yakuwa. Ta ɗanɗana ta ce, "Yawwa, da tsami. Monday, buɗe ƙaramar."

Ba mu da abin buɗewa. Monday ya murɗa ƙusa mai zare cikin toshin ya zaro da filaya.

"Jar giya ba iri ɗaya ba ce, Maman Becky," in ji ta. "Wannan Kiyanti ce, ba ta da nauyi, tana da ɗan tsami, shi ya sa take shiri da tumatir ko yakuwarki. Akwai wata mai zaƙi mai kumfa, ita ce ta farfesu, tana kwantar da barkono. Waccan babbar kuma Barolo. Kama harshe take kamar goro, sai da nama mai maiƙo. Mutanen can har dafa nama suke yi da ita."

"Ni dai burkutu ba ta taɓa tambayata me na ci ba," Monday ya ce.

"Shi ya sa har yau kake baƙauye." Ta turo min babbar kwalbar. "Ajiye ta sai Lahadi. Na aika wa Baba Nuhu, zai zo daga Kudenda bayan coci. Ki dafa mana akuya."

Na ajiye cokali. Baba Nuhu ƙanen mahaifinsu ne, shi ne babba a danginsu yanzu, kuma ba a kiransa don cin nama kawai. A gidansu, wanda ya zo roƙon wani abu, gona ko mata ko yaro, giya yake kawowa ya ajiye gaban babba. Babba ya zuba ya miƙa wa wanda ake roƙa. In ya sha, magana ta ƙare. Na gani da idona ranar da aka ba da ɗan wansu Kevin riƙo: uwar tana kicin tana kwashe tuwo, kafin ta fito an sha.

Washegari da safe na tare Monday yana goge takalmi.

"Za ka sha?"

"Giya ce ta cin nama, ke ma kin ji."

"Ɗago ka kalle ni."

Bai ɗago ba. "Scholastica, ita ta riƙe ni. In Baba ya miƙo min kofi a gabanta, da wane hannu zan mayar?"

Ranar Asabar na wanke kayan da na riga na wanke. Na je kasuwa sau biyu, na dawo ban sayo gishirin da ya kai ni ba. Na yi tunanin in bar kwalbar ta faɗi, amma kowa zai san da gangan ne, kuma cin fuska ne ga wadda ta riƙe min miji. Na yi tunanin in kai Becky Kafanchan wurin mamata, sai a ce na sace 'yarsu. Duk inda yarinyar ta nufa ina bayanta, har ta ce, "Mama, fitsari zan yi fa."

Ranar Lahadi na je sujadar farko ni da Becky, muka dawo su kuma suka tafi ta ƙarfe tara. Na soya naman da albasa. Kwalbar tana kan kabad, ƙusa da filaya suna inda Monday ya bar su. Sau uku ƙusar ta suɓuce kafin toshin ya fito. Na juye ta duka a tukunya, har na kifa ta ta tsane.

Romon ya koma launin zoɓo, wani wari mai kaifi ya cika kicin, na ce na lalata akuya guda. Na rage wuta, ban sa barkono da yawa ba, na ƙara citta da tafarnuwa. Ban iya zama ba, ina buɗe murfi ina rufewa. Bayan awa biyu warin ya tafi, romon ya yi kauri ya yi duhu, naman yana sakin ƙashi da kansa.

Suka dawo tare da Baba Nuhu. Na kawo tuwon acca da naman. Baba ya yi loma uku.

"Wannan akuyar a ina ta yi makaranta?" ya tambaya.

Anti Irene ta goge hannu ta gyara zama. "Maman Becky, kawo kwalbar nan ki ba Baba, sai ki je ki huta."

Na kawo ta na ajiye gabansa. Ban koma kicin ba. Na jawo kujera na zauna, na ɗora Becky a cinya.

Baba ya ɗaga kwalbar ya girgiza. "Irene, iska kika kawo min daga Turai?"

"Tana cikin tukunya, Anti," na ce. "Ke kika ce da ita suke dafa nama."

"Duka?"

"Duka."

Ta kalle ni. Sannan ta juya ga Baba. "To ai ya ci. Ta shiga cikinsa."

"Ni ma ta shiga nawa," in ji Baba Nuhu. "Tun ina saurayi nake zaman irin wannan, ban taɓa ganin an tauna giyar roƙo ba. Ba kofi, ba magana."

"Gobe sai in sayo wata."

Na ƙanƙame Becky har ta ce ina matse ta. Monday yana kallon kwanonsa. Na ji ana kiran sallar azahar daga wajen Makera, har aka gama bai motsa ba.

"Yaya," ya ce, "kada ki sayo."

"Ni kake faɗa wa haka, Monday?"

"Ki yi haƙuri. Ko kin sayo ba zan sha ba."

Baba Nuhu ya miƙo min kwanonsa in ƙara masa romo.

Ina wanke-wanke Anti Irene ta shigo kicin ta tsaya a bayana. Idanunta sun yi ja.

"Shekara uku ina ajiye da kwalbar nan," ta ce.

"Na san ba ƙaramin abu ba ne, Anti."

"Ba ki sani ba." Ta buɗe tukunyar, ta lakaci abin da ya rage ta kai baki. "Citta ta yi yawa. Ganyen ƙamshi suke sa mata."

"In kin zo Kirsimeti ki nuna min."

Ta mayar da murfin tukunyar. Ranar Talata na raka ta tasha. Da na dawo na tarar da leda a kan gadon Becky, takalman makaranta baƙaƙe a ciki. Sun yi mata daidai. Da su ta tafi makaranta ranar Laraba, ina riƙe da hannunta muka tsallaka titi.