Muryar da ke Cikin Kwali

Kamfanin na son ƙera wata na'ura da za ta riƙa taya tsofaffi hira, amma ba a ƙera ta ba tukuna. Abin da ke akwai kwalin takalmi ne da aka liƙa wa farar takarda, aka cusa ƙaramar lasifika a ciki, aka ja waya zuwa bayan labule. Can wani ma'aikacinsu ke zama da makirufo da takardar amsoshi goma sha biyu, yana yi wa kwali baki, har abokan aiki suka laƙaba masa Aljanin Kwali. Sai a kawo tsoho, a ce ya ɗauka ya riga ya sayi abin yana gidansa, a ga yadda zai yi da shi. Dokar shugabar aikin ɗaya ce: kada Aljani ya furta kalmar da ba ta cikin takarda, in ya yi gwajin ya lalace.

Ranar Laraba da hantsi Aljani ya leƙa ta gefen labule ya ga mutum na bakwai da aka kawo gwaji. Babansa ne. Yayarsa ce ta ba da sunan tsohon ba ta ko sanar da shi ba, halinta ke nan.

Wata tara ke nan da rasuwar Mama. An kira shi tana jin jiki, ya ce bari ya gama wani taro, ya isa gida an dawo daga maƙabarta. Baba bai taɓa ta da zancen ba, wanda da ya yi faɗa ma da ya fi sauƙi. Tun daga nan kunya ta hana ɗan zuwa, wayarsu ba ta wuce minti biyu: yaya jiki, da sauƙi, sai an jima.

Baba tsohon mai gyaran agogo ne, ba a kawo masa kaya ya bar su haka. Ya juya kwalin, ya ƙwanƙwasa, ya ce maɓallin da ke jikinsa ya yi wa mai rawar hannu ƙanƙanta, kuma mutane ba sa yarda da abin da ba shi da nauyi. Shugaba sai rubutu take, tana murna. Sannan ta ce ya ɗauka safiya ce, shi kaɗai a gida.

Aljani ya kauraro murya ya karanta amsa ta ɗaya: "Ina kwana. Yaya ka tashi?"

Baba ya gyara zama. Ya gaya wa kwali har yanzu ruwan kofi biyu yake tafasawa da safe, sai ya zuba yake tunawa. Ya ce agogonta na hannu yana murɗa shi kullum don kada ya tsaya. Sau biyar Aljani yana karanta ta huɗu, "Na ji, ci gaba," har tari ya kufce masa.

"To kai kwali," in ji Baba, "in ɗa yana jin kunyar ubansa har ya daina zuwa, alhali uban ba ya riƙe da shi, me uban zai yi?"

Amsar na bakin Aljani, kalma huɗu ce: Baba, ka yafe mini. Ya dubi takarda, doka ta ba shi wurin ɓuya, shi ma ya san ba dokar yake tsoro ba. Ya karanta ta goma sha biyu: "Yi haƙuri, ban gane tambayar ba."

Da aka zo tambayar ƙarshe, ko zai sayi na'urar in ta fito, Baba ya tambaya ko da wannan muryar za a sayar. Shugaba ta ce a'a, muryar inji za a sa. Ya ce to ta rubuta ba ya so.

Ya dafa sanda ya miƙe, ya dubi agogonsa.

"Minti arba'in. Rabon da mu yi hira mai tsawon haka tun uwarsa na da rai. Ki ce masa ya sha ruwan ɗumi, tarin nan tun yana yaro yake fama da shi."

Aljani na jin ƙarar sandar tana sauka a matakala ɗaya bayan ɗaya, ya kasa tashi. Yana nan bayan labule, hannu a baki, yana kuka, aka shigo da wata tsohuwa, ta takwas. Ta yi wa kwali sallama har sau uku, kwali bai amsa ba.