Gefen Ƙasa na Firjin

Aikin kwashe kayan masu ƙaura bibbiyu ake yin sa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A motarsu Dogo kuwa, kafin a taɓa ko kujera, sai direba ya zazzage wa kowa ƙwaya a tafin hannu. Ba wanda ya taɓa cewa dole ne. Kai dai ka ƙi, ka ga wanda zai yarda ya kama kaya da kai.

Dogo ya daɗe yana haɗiya kamar kowa, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a tsakar ɗaki, baki na kumfa, a gaban 'yarsa. Matarsa ba ta yi hayaniya ba. Ta ce in ya sake sha za ta ɗauki yarinyar ta koma gidan yayanta, ta ci gaba da wanke-wankenta. Ya san ta, ba ta faɗar magana sau biyu.

Sai ya koyi dabara: ya karɓa, ya maƙale a kunci, in an juya baya ya tofar ƙarƙashin mota. Jiki kuwa ya ce bai san zancen ba. Ga gumi, ga ƙarfin hannu ya tafi. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ran nan firji suka kama, za su hau bene mai ƙuntatacciyar matakala. Dattijon da suke kama kaya tare, wanda kowa ke kira Kawu, ya sake zaɓar gefen ƙasa, inda nauyi ke taruwa. A kwanar matakalar suka dire shi. Kawu ya jingina da bango, idanu jawur, leɓe na karkarwa.

"Kawu, ka bar mini ƙasan mana."

"In bar maka mu gangara da firjin mutane?" Ya yi 'yar dariya. "Ai ina ganin ka kana tofarwa, ɗana. Ban gaya wa kowa ba. Ka kyauta wa kanka, wallahi."

"To kai me ya same ka haka?"

"Nauyin da hannunka ya saki, ai wani zai ɗauka. Biyu nake sha yanzu. In aiki ya yi yawa, uku."

Kunya ta rufe Dogo, da wani baƙin ciki da bai san wanda zai ɗora wa ba. Ya dubi sauran matakalar, ya dubi ƙirjin tsohon yana sama yana ƙasa. A waje direba ya danna hon.

"Da saura a aljihunka?" in ji Dogo.

Kawu ya kau da kai. "Ba ni ɗaya in haɗiye, in karɓi ƙasan." Dogo ya miƙa masa tafin hannu, ya bar shi a miƙe.