Ƙeyar Yaya Dela

…rana a bayana, ka ce. Rana a baya, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, in riƙe numfashi sannan in danna. To ga ta can tana gangarawa bayan dutsen Allakaye, ƙofar ɗakin Yaya Dela kuwa gabas take kallo. Ta ina zan sa rana a bayana, Mai Hoto? Faɗa mini mana. Maigidana, shekara biyu kana kwance a maƙabartar Madawa ka yi shiru abinka, ni ce yau rataye da aparen hotonka, kyamarar nan taka, a wuya, mata na ta cewa madam ɗauke mu, madam ɗauke mu. Ni da alli kaɗai na sani, alli da allon lekol, makarantar boko.

Jan ɗigon nan na batir ya fara ƙyafta mini ido. Tun safe na kai wa Idris mai sharji, ya ce panonsa na sola bai sha rana ba tukuna, in dawo. Na dawo, waya goma sha wani abu ce a gabana. Ka ce kullum batir biyu, Aminatu, biyu, mai zuwa biki da batir ɗaya bai shirya ba. Na biyun yana cikin akwatinka, ya kumbura ya zama ƙosai. Kada ka yi mini dariya.

Na ɗauki tukwanen tuwo. Na ɗauki kayan ɗaki, ƙawaye sun jera suna turo baki, dangin ango da suka taso daga Buza, har wata tsohuwa da ban san ko wace ce ba, sau huɗu tana gyara kallabi. Hoto ɗari da wani abu. Duk ba su ne ba, duk ba don su na ɗauko abin nan ba…

Shekaranjiya wajen ƙunshi. Fiddausiya, amaryar, ɗiyar yayata, ta kama mini wuyan hannu da lalle ɗanye, ga shaidar nan har yanzu ja a fatata. «Inna, ni da ita. Ɗaya tak.» Ita ta zaɓi Abdulkadir da kanta, ba ta kukan aure, murna take, amma shagonsa Abijan yake. Yau Madawa, jibi babbar mota. Matan da aka kai can, wata shekara huɗu, wata shida kafin ta sake ganin garinsu. Kuma a duniyar nan kaf babu takarda ɗaya da ke ɗauke da fuskarta da ta uwarta tare. Na ce mata an gama. Da wane bakin na ce an gama?

Ɗiyar fari ce fa. Ka san Yaya Dela. Shekara ashirin da uku ba ta taɓa kiran sunan yarinyar nan ba — «waccan», «ƴar nan», «ku ce mata ta zo ta ɗauke kwano». In yarinya ta shigo ta ƙofa ita sai ta sami abin dubawa a bango. Ranar da ta ci jarabawa gari ya cika gidan, Dela ta ɗauki guga ta tafi rijiya. Mutane suna yabo, kai, Dela akwai alkunya, irin ta mutanen da. Yau tun asuba ba wanda ya ga ƙyallinta, kuma ba mai tambaya, haka ake yi.

Ni na san inda take. Bayan rumbu.

Kada ka ce musu su duba, ka ce. Wanda aka ce ya duba, fuskar katin zaɓe yake ba ka. Ka tsaya gefe kamar ba ka nan, ka jira, fuska da kanta take zuwa, sau ɗaya take zuwa kuma ba ta sallama. To, in mutum ya shekara ashirin da uku yana ɓoye ta fa? Wanga ba ka koya mini ba. Kai aikinka ango da babbar riga, ƴan lekol masu son hoton dosiyen jarabawa…

Direba ya sake danna oda. Sau uku ke nan. Wai hanya duwatsu ce, yana son ya hau kwalta da sauran haske. Guɗa ta tashi, sun fito da amarya, lulluɓi fari har ƙasa, gwaggonninta biyu riƙe da ita dama da hagu. Sun tsaya ƙofar ɗakin Dela don a cika al'ada, ɗaki wayam, Gwaggo Jima na cewa to an yi sallama, mu tafi, mu tafi. Hannuna ya jiƙe, madannin na sulɓi. Ƙyafta, ƙyafta — saura nawa? Biyu? Ɗaya?

Ban san lokacin da na shiga tsakaninsu ba. Ni ce wai nake jan amarya ta hannu, ni ce nake cewa haske ya fi kyau ta nan, minti ɗaya don Allah, haske ne kawai. Ƙarya a bakin malamar lekol, ranar biki. Jima na harara ta, ta gane sarai. Ta harara, ba yau ta fara ba.

Mun zagaya bayan rumbu, ga Yaya Dela. Ta ba mu baya, tana tsugune, tana dirzar wata tukunya da toka, tukunyar da tun ɗazu ta fita tas. Zanen jiya ne a jikinta. Ta rame, Mai Hoto, yaushe wuyanta ya zama haka? Fiddausiya ta durƙusa a bayanta, ta ɗaga lulluɓin kaɗan. Sai ƙarar toka a gindin tukunya, ƙurr, ƙurr. Rana na dukan gilashin kai tsaye, komai fari, na matsa hagu, inuwar rumbu ta rufe ni, yauwa, nan. Gwiwar hannu. Numfashi.

«Ku tahi da ita, rana na hwaɗuwa.» Da bango take magana.

Amma hannunta… hannun hagu ya saki tukunya, ya zagayo baya shi kaɗai, yana lalube, ya sami bakin lulluɓin ya damƙe. Toka a kan farin yadi. Jira, Aminatu, jira, tana zuwa. Kafaɗa ta motsa. Tana juyowa. Wayyo Allah, ta juyo, tana kallon ɗiyarta, ido cikin ido, fuskar duk ruwa, leɓe na rawa kamar mai shirin kiran suna —

Na sunkuyar da kai.

Ni. Ba wanda ya ce in yi. Yayata ce, ita ta goye ni, ba a kallon babba yana kuka, idona da kansa ya faɗi ƙasa, ga takalmina, ga kashin awaki. Daƙiƙa nawa? Na ɗago na danna, ƙyas, ya ɗauka. Hoton ya fito a ɗan gilashin baya: ƙeyar Dela, kallabi ya zame, hannu riƙe da farin yadi, gefen kuncin yarinyar. Sai gilashin ya yi baƙi. Na danna, na girgiza, na cire batir na goga a zane na mayar. Shiru.

Ƙeya. Na san ƙeyar nan, a ina na… gwangwanin madara, ƙarƙashin gadonmu. Hotunan da na riƙa yi maka faɗa a kansu, ɓarnar takarda, Mai Hoto, ɓarnar takarda. Ni zaune, babban yaron nan namu a cinyata, yana rarrafe, ya shiga lekol, ya yi gemu, kai kana daga ƙofa kana cewa Aminatu ɗago mana, ni ina juya maka ƙeya ina dariya, haba, a gaban mutane? Sun fi talatin. Ko ɗaya ba ka yar ba. Yaron shekararsa uku ke nan a Libiya. Da sallar bara ya aiko murya ta waya, wai a duba kayan babansa ko akwai hoton da muke tare, a turo masa. Na ce zan duba. Na san abin da ke ciki, shi ya sa ban buɗe ba.

Sun sa ta a mota. Guɗa, oda, ƙura. Daga bayan rumbu ƙarar tukunya ta sake tashi. Fiddausiya ta sauke gilashi, ta leƙo ta ƙarƙashin lulluɓi, tabon toka na nan a gefensa, ba ta kakkaɓe ba. Idonta a kan abin da ke wuyana.

«Inna, ya yi?»

Motar ta fara motsi. Ina biye da ita, hannuna a kan ƙarfen ƙofa, zafi… Kai da ka san komai, rana a baya, batir biyu, faɗa mini. Me zan ce mata?