Kifin Akinisi a Kaskon Tanti

Ƙamshin suya ne ya tashi Firdaoussi daga barcin da ta koma bayan sallar asuba. Albasa, tafarnuwa, citta, da man gyaɗan da ya ji wuta sosai. Ta yi miƙa tana murmushi, don a gidan Tanti Zeinabou da ke unguwar Tremont, kusa da Manhattan, irin wannan ƙamshi ba ya tashi sai an yi baƙo na kirki. Sai da ta zauna a bakin gado sannan hancinta ya ƙarasa mata labarin. Kifi ake soyawa. Kuma kaf gidan nan kifi iri guda ta sani.

Ta zabura ta yi kicin, ko ɗankwali babu.

Firdaoussi ɗaliba ce mai neman digirin digirgir a fannin lafiyar al'umma, a wata jami'a da ke Manhattan. Malaminta, Farfesa Halvorsen, ya shafe shekara da shekaru shi da mutanensa suna bincike a wani ƙauyen mutanen Inuit, can ƙuryar arewacin Kanada inda teku ke daskarewa har a hau ta da babur. Sukan ɗebi jinin mai ciki, su ɗebi jinin cibiyar jariri, su auna gubar da ke shiga jiki ta wasu naman teku. An rubuta maƙalu, an karɓi lambobin yabo, Farfesa ya ajiye tumbi. Su kuwa matan ƙauyen, abin da ya iso kunnensu bai wuce kalma uku ba: teku akwai guba. Suka tsorata, suka guji har kifin da ba ruwansa, suka koma wa biskit da lemon kwalba na kanti. Jini ya yi ƙaranci a jikin masu ciki. Nan take Farfesa ya sami sabon abin bincike, wato ƙarancin jini.

Firdaoussi ta taɓa miƙewa a taron sashe ta faɗi wannan magana yadda take, ba ta sa mata gishiri ba. Aka yi mata tafi na ladabi, aka wuce zancen kofi. Amma matan ƙauyen ba su tsaya tafi ba. Suka ce ba za a sake ɗibar ɗigon jini ba sai wakiliyarsu ta zo ta ga masu binciken da idonta. Wakiliyar ita ce Akinisi, ungozoma, gajeriyar mace mai ƙarancin magana. Sharaɗinta ɗaya ne. Za a shimfiɗa kwali a ƙasa, Farfesa da mutanensa su zauna, su ci kifin da ta zo da shi kamar yadda ake cinsa a gida: ɗanye, daskararre, ana fere shi da wuƙa. In sun iya cin abin da suka daɗe suna aunawa, sai a yi maganar ci gaba. In sun kasa, a rufe binciken. In kuwa aka rufe, digirin Firdaoussi ya bi ruwa, don babi biyu na ƙarshe suna jiran sabon jini ne.

Otal ɗin da jami'a ta kama ba shi da firiza sai wani ɗan akwati da ba zai ɗauki ko kan kifin ba. Shi ya sa Firdaoussi ta kawo baƙuwar gida jiya da yamma, ta jera kifin da hannunta a babbar firizar Tanti, tsakanin ƙafar saniya da kuɓewa.

Yanzu ga shi nan a faranti, gunduwa-gunduwa, ya yi ja ya yi kyau, an yayyafa masa yaji.

"Tanti! Innalillahi! Me kika yi?"

Tanti Zeinabou, ƙanwar mahaifiyarta, mai shagon atamfa a Harlem, ba ta ko waiwayo ba. Ta juya wata gunduwa a kasko.

"Mi na yi? Ina kwana ba ta cikin karatun naku?"

"Ina kwana. Tanti, wa ya ce ki taɓa kifin nan?"

"Ke da bakinki kika ce manyan lokotoro, malaman jami'a, za su ci shi yau. Na duba, ko gishiri ba a sa mishi ba. Baƙuwa ta taso daga ƙarshen duniya, ta kwana gidana, in bar ta ta shiga kicin da kanta? A ce a gidan Zeinabou aka yi haka? Har Maraɗi sai an ji."

"Ɗanye za a ci!"

Sai a lokacin Tanti ta juyo, matsamin na ɗigar mai.

"Ɗanye? Su wa? Mussa mai kamun ɓera ce za ta ci ko mutane?"

"Al'adarsu ce, Tanti. Haka suke ci tun kaka da kakanni, kuma shi ke riƙe jinin masu ciki. Ai abin da nake ta faɗa ke nan a jami'a. Mutum ya ga abincin wasu, bai tambaya ba, bai nemi sani ba, ya yanke hukunci cewa shi ya fi su sanin abin da ya dace da cikinsu!"

"To, Malama. Ke da kika kwashe min kanwa kika zuba a shara lokacin jegon 'yata Safiatou, kin tambaye ni?"

"Wannan daban ne. Kunun kanwa yana kumbura zuciyar mai jego, an tabbatar."

"Ban ce ƙarya ba ne. Na ce kin tambaye ni? Ko kin zauna kin gaya min? Na dawo daga shago na tarar da gwangwani wayam, ke kuma kina ɗaki kina danna kwamfuta."

Firdaoussi ta kau da kai. A nan ne ta lura da Akinisi tsaye a bakin ƙofa, da safa a ƙafa, tana kallon farantin. Ba wanda ya san tun yaushe take wurin.

Firdaoussi ta hau ba da haƙuri da Turanci, kalmomi na tuntuɓe da juna. Ta ce kuskure ne, ta ce laifinta ne, ta ce akwai wani kanti a Manhattan da ke sayar da irin wannan kifin sak, in ta hau jirgin ƙasa yanzu za ta samo, a jefa a firiza, kafin azahar ya yi tauri.

"Farfesa ba zai gane ba," in ji ta.

"Ni zan gane," in ji Akinisi. "Wannan ƙanwata ce ta kama shi. Da tsohon ciki ta huda ƙanƙara ta zauna a bakin ramin."

Ta matso ta ɗauki gunduwa ɗaya, ta hura, ta kai baki. Idonta ya kawo ruwa nan take, don yajin Tanti ba ya tausayin baƙo. Ta tauna, ta haɗiye, ta juya ga Tanti. Da yake an koya mata Faransanci a makaranta, kuma Tanti 'yar Nijar ce, ba su buƙaci tafinta ba.

"Madam, kin lalata min kifi."

"Na gyara shi dai," in ji Tanti, amma muryarta ta sauko.

"Ya yi daɗi. Kuma kin lalata shi."

Tanti ta kashe wuta. Ta goge hannu a zane, ta tsaya tana kallon ƙasa kamar yarinyar da ta fasa tulu. Firdaoussi ba ta taɓa ganin haka ba, ko a gaban jami'an kwastan.

"Ban tambaya ba," in ji Tanti. "Wannan kam ban tambaya ba. Ki yafe. Guda ɗaya ya rage, mai ne ya ƙare min."

Akinisi ta dubi firizar. Sannan ta ce a bar wancan a firiza, a zuba soyayyen a kula. Ta ce kuma Madam ta shirya, tare za su tafi.

Haka suka shiga jirgin ƙasa su uku, Tanti ta sha babban leshi da gwaggwaro kamar mai zuwa suna, kula a cinya, ƙamshi ya cika tarago har wani ɗan sanda yana waige.

A ɗakin taro an ture tebur gefe, an shimfiɗa sabon kwali da aka sayo musamman, mai tsabta kamar takardar jarrabawa. Farfesa Halvorsen ya harɗe a ƙasa cikin wani wando mai laushi, gwiwoyinsa na ƙara. Sakatariya ta raɗa wa Firdaoussi cewa tun safe ya sha maganin ciki iri biyu, kuma ya karanta duk abin da aka taɓa rubutawa a kan tsutsar ɗanyen kifi. Ya yi jawabin maraba mai tsawo, ya ambaci girmamawa, ya ambaci haɗin gwiwa, ya ambaci tafiya tare. Fuskarsa dai ta mai jiran allura ce.

Tanti ta buɗe kula.

Ba a taɓa ganin annuri ya sauko wa ɗan Adam da sauri haka ba. Farfesa ya leƙa, ya sake leƙawa, ya dubi sama kamar zai yi kabbara. Ya ci gunduwa, ya yi tari, ya share hawaye, ya ƙara wata. Mataimakansa suka rufa masa baya. Wani har yana tambaya ko a haka ake soya shi a ƙauyen, don bai taɓa gani a rubuce ba.

Akinisi ta bar su sai da suka kai ƙashi.

"Ba kifina kuka ci ba," ta ce. "Kifin Madam ne. Ta ga abincina, ta ji tsoro saboda ni, ta gyara min shi ba ta tambaye ni ba. Kafin man ya huce ta ce in yafe mata. Ku tun ina budurwa kuke soya mana namu."

Farfesa ya ajiye ƙashin da ke hannunsa. Ya fara cewa a gaskiya saƙon da suka fitar bai taɓa hana cin wannan nau'in kifi ba, in aka duba shafi na...

"Wa ya zo ya gaya mana? Shafin ne zai hau jirgi?"

Akinisi ta ce zaman yau bai ƙirgu ba, tunda ba a ci abin da aka zo ci ba. In Farfesa na son jini, ya zo ƙauye idan teku ta sake daskarewa, ya zauna a kwalin da aka taka, ya ci a gaban matan da yake aunawa. Kafin nan, ko ɗigo.

Firdaoussi ta yi lissafi a zuci. Sanyi mai zuwa. Wato shekara guda ta tafi, abokan karatunta za su sa hula su yi hoto, ita tana nan tana gadin babi biyu marasa jini. Abin haushin, kowace kalma da Akinisi ta faɗa, ita ma ta taɓa faɗinta a wannan ɗakin. Ba ta dai taɓa tunanin za ta faɗo a kanta ba.

Suka koma Tremont. Tanti ce ta yage kwalin tumatirin gwangwani ta shimfiɗa a tsakiyar kicin. Akinisi ta ciro kifin da ya tsira, ta fito da wuƙarta mai siffar jinjirin wata, ta fara fere jan naman siriri-siriri, yana nannaɗewa kamar ɓawon lemo.

Tanti ta zauna da ƙyar, ta yi bisimilla da ƙarfi yadda mala'iku za su shaida, ta dangwali yaji, ta jefa a baki. Ta tauna tana kallon silin.

"Hm. Kamar kilishin da ya ji tsoro," ta ce da Hausa. Ta miƙa hannu ta ƙara.

Firdaoussi na tsaye jikin firiza, hannu a harɗe.

"Zauna," in ji Akinisi.

"Ba na jin yunwa."

"Na sani. Da safe ina tsaye lokacin da kika shigo kina ihu. Bakinki yana faɗa, amma kafaɗunki sun sauka. Ke ma kin ji daɗi da aka soya."

Tanti ta nemi a fassara mata, don wannan da Turanci aka faɗa. Firdaoussi ta ƙi. Akinisi ta maimaita da Faransanci. Tanti ta yi dariya har gwaggwaronta ya zame.

"Ashe! Malama mai wa'azin ɗanyen kifi! Ke da ko ƙwai sai an soya miki shi ya yi baƙi!"

Gaskiya ne, kuma Firdaoussi ta san gaskiya ne. Mako guda ta yi tana mafarkin kifin nan, tana shirya yadda za ta ɓoye nata a tishu.

"Matanmu suna son wanda zai zo kafin Farfesa," in ji Akinisi, tana ci gaba da yanka. "Ya zauna da su gida-gida, ya gaya musu da bakin mutane wane nama ne za a rage, wane ne za a ci a ƙoshi. Ba zai dawo miki da shekararki ba. Amma in an yi shi da kyau, wataƙila idan sanyi ya zo su yarda su miƙa hannu. Na so in ce ke. Sai dai a kowane gida za a shimfiɗa miki kwali."

Ta ɗora yanka ɗaya a bakin wuƙar, ta miƙo.

Firdaoussi ta durƙusa. Ta karɓa. Sanyin ya kama mata yatsu. Ta kai hannu wajen yaji, Akinisi ta janye kwanon.

"A can babu."

Ta rufe ido ta sa a baki. Da farko ƙanƙara ce kawai, haƙoranta suka yi tsami. Sannan ya narke, ya zama wani abu mai laushi da maiƙo, ba ƙarni ko kaɗan. Ta haɗiye.

"To?" in ji Tanti.

"Ban mutu ba."

"Saura gida nawa a ƙauyen?" Tanti ta tambayi Akinisi.

"Da yawa."

Tanti ta dubi 'yar yayarta, ta dubi kifin, ta girgiza kai. Ta dafa firiza ta miƙe, ta buɗe kabad ta fara neman gwangwanin da zai ɗauki yaji mai yawa, wanda kuma za a iya ɓoye shi a aljihun rigar sanyin Firdaoussi.